Mai Zargi da Randunan Innarsa

A wani zamani an yi wani mutum mai ƙaramar mota, wanda bai yarda da kowa ba. Wata rana innarsa ta ba shi randuna shida da ta gina, ya kai mata kasuwa.

Ya tsaya wajen wani tsoho mai faci a sa masa iska a tayoyi. Tsoho ya buɗe ƙofar direba, ya karanta 'yar takardar da ke manne a jikinta, ya auna, ya ce, "Ɗana, iskarka ta kai iyakar abin da masu ƙera motar suka rubuta."

Mutumin ya shuri taya, ya ce, "Baba, har iska ake wa rowa? Akwai lauje cikin naɗi!"

Ya tafi wajen na biyu. Shi ma ya buɗe ƙofa, ya karanta, ya ce, "Malam, iskarka daidai take."

Ya ce, "Kun haɗa baki! Akwai lauje cikin naɗi!"

Na uku bai buɗe ƙofa ba. Ya yi murmushi, ya ce, "Ranka ya daɗe, sai ka ce ta isa." Ya yi ta ɗurawa har tayoyi suka koma kamar dutse.

Hanya kuwa gargada ce. Mota ta dinga tsalle kamar kwaɗo, randuna na gwara kai. Ko ɗaya ba ta kai kasuwa ba.

Da ya dawo, Inna ta dubi sakainu, ta yi salati, ta ce, "Wa ya yi mini wannan?"

Ya waiga dama, ya waiga hagu, yana neman wanda zai zarga. Shi kaɗai ne a tsaye.