Aljanin da Ya Fito a Hoton Idris

Shekarar da tauraruwa mai wutsiya ta bayyana, Idris akawu yana zaune a Kurmin Mashi da matarsa Balaraba da 'yarsu Kulu. Tun yana saurayi taurari suka shiga ransa. Da wani Bature zai koma gida, ya sayi madubin hangen nesa da kyamara a gwanjon kayansa, kullum aka idar da magariba sai ya kafa su a tsakar gida. Maƙwabta na cewa yana leƙen abin da ba a ba shi ba.

Wata magariba, gari ya yi tsit, ya saita kyamarar kan wutsiyar nan, sai wata tauraruwa ta tsinke ta ratsa sama. Kafin ya rufe kyamarar dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki. Na biyu ya fasa randa. Ya leƙa waje, ba kowa, ko kare ba ya haushi.

Haka aka yi ta yi kowace yamma. Daga cikin rijiya ana jin wani yana zagin Idris. Maƙwabta suka daina amsa sallamarsa. Ranar da ya wanke hoton ya rataye, Kulu ta zube a bakin murhu, ta tashi da muryar ƙato.

"Ka ga abin da ka jawo mana," in ji Balaraba. "Ka kira Malam Sulaiman na Badarawa, ko in ɗauki 'yata in tafi."

Malam ya zo, ya sa turare, ya yi ta karatu a kunnen yarinyar har ta fara gurnani.

"Wane ne kai?"

"Tambayi ɗan leƙen asirin nan. Na hau sama satar ji, aka jefe ni da wuta, shi kuma ya kama faɗuwata ya rataye a bango. Dangina sai zuwa suke suna yi mini dariya. Ya fasa madubin, ya daina ɗaga kai sama, ko in karya wuyanta."

Idris ya miƙe. Ya ɗauki taɓarya ya nufi madubin, Malam ya riƙe masa hannu, ya ce wa aljanin:

"Sama ba ta ubanka ba ce, la'ananne. Hoton za a ƙone. Bayan shi ba ka da komai a gidan nan."

Ya ci gaba da karatu, Kulu tana birgima tana kumfar baki, har aljanin ya yi ihu:

"Ya isa! Amma duk sanda aka jefi ɗayanmu, ya kawar da ido."

"Na yarda," in ji Idris.

Ya jefa hoton da fim ɗin cikin garwashi. Kulu ta yi atishawa mai ƙarfi, ta buɗe ido, ta nemi ruwa.

Balaraba ba ta ƙara zama a tsakar gida da magariba ba. Shi kuwa Idris, har furfura ta rufe masa kai yana ɗaukar hoton wata da Zara da Kaza da 'Ya'yanta. Amma in tauraruwa ta tsinke, jikoki na ihu suna nunawa, sai ya rufe kyamara da hularsa, ya sunkuyar da kai har ta wuce.