Fayil Ɗin da Nazifa Ta Ƙi Buɗewa

Ta tagar ofishin kati na wani asibiti a Kaura Namoda Mubashir ya fara ganin Nazifa. Malamin firamare ne daga Dauran, ya kawo mahaifiyarsa awon jini, ga shi ya ɓatar da katinta.

"Mi sunanta, kuma ɗiyar wane gari ta?" in ji Nazifa, ko kai ba ta ɗaga ba.

Kafin ya gama ba da haƙuri ta zaro fayil ɗin daga cikin dubbai, ta rubuta masa sabon kati. Yarinyar ta iya aikinta. Kowace cuta da lambarta a wani ƙaton littafi, kuma ita ke bin rubutun likita tana ɗora wa kowane fayil lambar da ta dace. Tun daga ranar katin tsohuwa ya shiga uku, kusan kowane mako sai ya ɓata.

"Malam, katin ga ƙahwa gare shi?" ta ce ranar ɓata ta biyar, tana danne dariya.

"Hanyar tagarki yas sani," ya ce.

Lokacin salula ta fara shigowa, a Dauran sai ya hau tudu yake samun sabis. Daga can ya rubuto: "Hasken idona, kin san lambar kowace cuta. Wadda ta kama ni fa?"

Ta mayar: "Malamina, taka babu ita littahi. Maganinta na wurin Baba, ka turo manya."

Manya suka zo, Malam Maccido mahaifinta ya karɓe su hannu bibbiyu. Sai ga Tambari, wani ɗan Dauran da ya daɗe yana neman Nazifa ba ta kula shi ba, ya kawo wa Malam Maccido ziyara da labari a baki. Wai da idonsa ya ga Mubashir yana ɗan shekara bakwai ya faɗi a fadama yana jijjiga, kumfa na fita.

"Hwarhwaɗiya ta," in ji Malam Maccido. "Ba ni haɗa zuri'a da ita. An hwasa."

Mubashir bai iya musawa ba. Abin da ya tuna kawai ya farka a gadon asibitin Kaura. Kunya ta sa ya ɗauke ƙafa, mako uku katin tsohuwa bai ɓata ba, Nazifa kuwa ta ɗauka ya guje ta ne. Ta yi kuka har ta gode Allah.

Abin da ya fi ci mata rai, fayil ɗinsa na nan bayan kujerarta, miƙa hannu kawai za ta yi. Mama Tabitha, shugabar ofishin da ta shekara ashirin da biyar a wurin, ta gan ta tana kallon kantar.

"Ɗiyata, ciwon mutum amana ne."

"Na sani, Mama. Ban taɓa ba."

Maimakon haka ta rubuta masa: "Malamina, sirrinka na bayana, ban buɗe ba, ba ni buɗewa sai da izininka. Ko mi anka rubuta ciki, kai nika so, kuma na hwaɗa ma Baba hakanan."

Washegari ya zo, ya sa hannu a takardar izinin buɗe fayil ɗin, ya roƙi a karanta gaban Malam Maccido. Likita ya buɗe fayil ɗin, takardun duk sun yi ja. Ya ce zazzaɓin cizon sauro ne ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ga sakamakon jini an liƙa, ga kwana biyun da yaron ya yi a sume, ga dubawa uku bayan sallama, jijjiga ba ta dawo ba.

"Ko da farfaɗiyar ce, Malam, tana da magani, kuma ba a ɗauka," ya ƙara. "Amma wa ya tsara fayil haka?"

Mama Tabitha ta leƙa, ta gane rubutunta. Ta tuna likitan wancan lokaci "jijjiga" kawai ya rubuta ya wuce. Ita kuwa ta ƙi ɗora lamba, ta bi shi kwana uku har sai da ya rubuta sanadin, don ta san yaron zai girma a tambaye shi.

Malam Maccido ya dubi ɗiyarsa, wadda ta zaɓi mijin tun ba ta san abin da ke ciki ba, sannan ya juya ga Mubashir.

"Ɗana, na ji ta bakin mai son zuciya na yanke ma hukunci. Ka yahe mani."

Bayan Sallah aka ɗaura aure. Goron farko, Malam Maccido da ƙafarsa ya kai wa Mama Tabitha har ofis. Ranar da amarya ta tare, ango ya zube mata kati bakwai na tsohuwarsa a cinya, babu wanda ya taɓa ɓata. Ta yi dariya har da hawaye.

"Na sani tun na biyu," ta ce.

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, Ya saka wa hannun da ya rubuta gaskiya ya adana ta.