Ƙunshin da Aka Ɗaure da 'Ya'yan Wata

Shekarar ta ɓace mini, haka ma sunan mutumin. Tsufa ya ci gefen labarin kamar gara, sai dai in ba ku abin da ya rage.

Sana'arsa rubuta manhajar kwamfuta da wani yaren kwamfuta da ake kira Java. Ya yi wa masu kantin magani wata manhaja, amma duk inda ya kai ta sai ta ƙi tashi, don kwamfutocinsu ba su da injin da ke tafiyar da ita. Sai ya koyi ɗaure manhajar da injinta a ƙunshi ɗaya, a danna kawai ta buɗe. Shi abin ɗaurin ba ya tambaya, duk abin da ya tarar a ma'ajiyar da aka nuna masa cikin kwamfuta kwashewa yake yi. Mutumin ya yi aikin a wata tsohuwar kwamfuta da ta shekara bakwai rufe a ɗakin tarkace, bai tsaya duba ma'ajiyar ba. Ya raba ƙunshin ga kantuna goma sha biyu.

Ran da ya gama rabon, gab da magariba, dutse ya faɗo a kan kwano. Wani ya sake faɗowa, sannan aka ji kamar ana ƙirga a ɗakin tarkace, a kai goma sha biyu a koma farko.

"Baban yara," in ji matarsa, "dubi Auta."

Yarinyar na tsaye a bakin ɗakin, idanunta a kafe, ita ce ke ƙirgan.

Kwana uku ba ta ci ba. Aka ɗauko wani malami mai ruƙiyya, ya yi ta karatu har muryar tsohuwa ta fito daga bakin yarinyar.

"Malam, daina ƙona ni. Tambayi ɓarawon nan."

"Me ya sata?"

"'Ya'yana. A tsohuwar kwamfutar nan muke zaune. Ya ƙulle su da kayansa ya raba wa baƙi. Kullum aka danna, sai su farka a gidan da ba su sani ba."

Uban ya ce, "Wallahi ban sani ba, Iya."

"Da ka duba ai."

Malam ya ce ta fita, ta ce sai an kwance mata su. Aka daidaita a kan kwana bakwai: uban ya bi kantunan ya cire ƙunshin daga kowace kwamfuta.

Ya cire goma sha ɗaya. Mai kanti na ƙarshe ya ce ai tasa ta lalace, ya ba wani mai gyara, mai gyaran kuma ya tashi daga garin.

Rana ta bakwai malam ya roƙe ta da girman Allah. Sai tsohuwar ta ce:

"Zan fita. Amma autana bai dawo ba. Zan riƙe muryar taka autar har ya dawo."

Yarinyar ta yi atishawa ta faɗi. Da ta farfaɗo ta ci abinci, ta gane kowa, ta buɗe baki za ta kira uwarta, ba abin da ya fito.

Sauran na iya zama ruɗin tsufa, amma wannan na tabbatar. Bayan shekara goma sha tara na sauka a gidan, ita ta kawo mini ruwa, da hannu ta gaishe ni. Uban ba ya nan, an ce ya tafi wani gari duba tsofaffin kwamfutoci.