Satar Rakodar Asibitin Rusaifa

Asiya ta jawo durowar teburinta da safiyar Lahadi, ta tarar babu rakodarta ta naɗar murya. Ba a ɓalle makulli ba. Kwamfutar da ke kan tebur, wadda ta fi rakodar tsada nesa ba kusa ba, ko taɓa ta ba a yi ba.

Ta nemi kujera ta zauna. Wata likita Baturkiya ce, Dakta Ikram, ta zo ƙaramin asibitin nan na unguwar Rusaifa, a ƙasa mai tsarki, da tambayoyin da ake auna zurfin shaye-shaye da su a ƙasarsu. Aka mayar da su Hausa, aka ɗora wa Asiya gwaji: ta yi wa mutum tambayoyin tana naɗar muryarsa, bayan mako biyu ta sake, a ga ko amsa za ta tsaya. Samarin unguwar Mansur ta bi ta lallaso, yawancinsu ko iƙama, takardar izinin zama, ba su da ita. Ta rantse musu maganar ba za ta fita ɗakin ba. Suka saki baki, kowa ya faɗi ƙwayar da yake haɗiya. Idan rakodar ta kai hannun hukuma, kurkuku ne, daga nan tarhil, a tasa ƙeyarsu zuwa ƙasar kakanninsu da ba su taɓa gani ba. Kiran shurɗa, wato 'yan sanda, bai ma taso ba.

Ta fara da Rakan, mai karɓar baƙi.

"Alhamis da na tashi, wa ya shigo nan?"

"Wallahi ya Asiya, Alhamis ina Jidda, bikin ƙanwata. Ga hotuna."

Ya nuna, har da waɗanda ba ta tambaya ba.

Sai ga Nu'uman ya zo zagaye na biyu. Shi ne wancan makon ya tayar da rigima a goge muryarsa.

"Kai ka ɗauke rakodar?"

"Wace rakoda?" Ya dubi durowar a buɗe. "Kin kashe mu, Asiya."

Ya fita har yana tuntuɓe. Wanda abin ke aljihunsa ba ya irin wannan tsoro.

Saura Rabi'atu mai shara, tsohuwar da iyayenta suka taso daga Sakkwato suka biyo ta Sudan. Ta san makullin a gwangwanin shayi yake kwana, amma me tsohuwa za ta yi da rakoda?

"Inna, wa da wa suka zo ranar Alhamis?"

"Nu'uman ya zo. Hudaifa ya zo, da Muhannad mai tari. Sai dogon nan."

"Nasir?"

"Shi," ta ce, idonta a kan tsintsiya.

Asiya ta dube ta. Matar nan ba ta raga wa kowa, kowane yaro da sunansa take kiransa ta yi masa faɗan takalmi. Amma wata da watanni, in Nasir ya shigo, sai ta juya baya ta kama goge abin da ta riga ta goge. Kakar Asiya ta faɗo mata a rai. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan mahaifin Asiya ba, don shi ne ɗanta na fari.

Ta tashi ta rufe ƙofa.

"Inna, ɓarawon kuɗi kwamfuta zai ɗauka. Wanda ya ɗauki rakoda ya san inda makulli yake, kuma yana da wani a ciki. Kin kira sunan kowa, ɗaya kika tsallake. Nasir ɗanki ne na fari."

Rabi'atu ta jingine tsintsiyar. Ba ta musa ba.

"Ban so a sani ba, ɗiyata. Kunya ta ishe ni."

Asiya ta ji sauƙi ya fara sauko mata. Uwa ce, ɓoyewa ta yi.

"Halas, shi ke nan, ba mai ji. Kawo ta."

"Na kai wa shurɗa tun ranar Alhamis."

Asiya ta dafa tebur.

"Na gaji da tsinto shi a bakin kwata," in ji tsohuwar, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Na roƙe shi, na kai shi gaban Ka'aba na yi kuka. In yana kurkuku, na san inda ya kwana, na san yana numfashi."

"Ba muryarsa kaɗai ce a ciki ba, Inna."

"Na sani. Ban iya raba su ba."

Asiya ta so ta tsane ta, ta kasa, kuma wannan ya fi komai ci mata rai. Ta ɗauki waya ta kira Hudaifa, wanda shi ma muryarsa ke ciki, ko zai samu ya bar unguwar. Wayar ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka. Muryar mace ce, ta dushe da kuka.

"Ke ce 'yar asibitin?" in ji mahaifiyarsa. "Sun tafi da shi ɗazu. Ba ke kika zauna a ɗakina kika ce babu abin da zai same shi ba?"