Ɗigo Mai Wutsiya

A zamanin da jami'ar Yamai take sabuwa fil, an ɗauki wani yaro ɗan Dakoro. Tun yana ƙaramin lakwal, wato firamare, shi ne na ɗaya a lissafi. Aka sa shi ajin masu koyon ba wa na'ura umarni. Ordinatar ake ce mata. Yaron ko a hoto bai taɓa ganin ta ba.

Ranar tafiya, motar da ya hau ta lalace tun kafin Maradi. Suka yi kwanaki a hanya. Kafin ya isa, an yi nisa da karatu.

Malamin ajin, Mushe Abarci, ya ce masa, "Darasin farko ya wuce ka. In wani abu ya shige maka duhu, ka same ni a biro, wato ofishina. Ƙofata a buɗe take."

Yaron ya sunkuyar da kai, ya ce, "Wi, Mushe." Haka aka koya masa a gida. In babba ya yi magana, yaro ya ce to.

A lokacin, kati ake hudawa a rubuta umarnin, a kai ɗakin na'ura. Washegari sai ta fito da amsa a doguwar takarda. Aikin farko na lissafin nauyin buhunan gyaɗa ne. Yaron ya ce a ransa, wannan ai wasa ne. Ya huda katinsa tsaf.

Takardarsa ta dawo da kalma guda: kuskure.

Ya sake lissafi, ya sake hudawa. Kuskure. Ya sake. Kuskure dai.

Ƴan ajin kan taru a gindin bishiya, suna nuna wa juna takardunsu suna dariya. Shi kuwa sai ya ninke tasa, ya cusa a aljihu. Shi kaɗai yake cin abinci. Da yamma ya je bakin kogi ya zauna, yana kallon jiragen kwalekwale, yana kewar gida. Sau da yawa ya bi ta ƙofar biron Mushe Abarci. Sai ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, sai ya fasa. Na ɗaya a Dakoro ya ce bai gane ba? Ina!

Aka yi jarrabawar farko, ya faɗi.

Mushe Abarci ya tsayar da shi, ya ce, "In ka faɗi ta biyu, dole ka bar ajin nan. Ka tabbata ba ka da tambaya?"

"Babu, Mushe."

Kai, wannan yaro!

Da hutu ya zo, ya koma Dakoro. Ranar kasuwar dabbobi babansa ya ja shi har cikin dillalai, yana cewa, "Ga ɗana, shi ne mai magana da ƙarfe!" Mutane suka yi ta sa masa albarka. Yaron ya yi murmushin dole. Ƙarfen da ko gaisuwarsa ba ya amsawa!

Yana komawa gida, ya zauna bayan rumbu shi kaɗai. Innarsa ta kawo masa fura, bai taɓa ba.

Ta ce, "Mi ya same ka? Tun da ka zo ba ka da walwala."

Sai hawaye. Ya faɗa mata komai, har da maganar korar.

"To, mi malamin ya ce da ka tambaye shi?"

"Ban tambaya ba, Inna. Kunya nike ji."

Ta riƙe baki. "Kunya? Surukinka ne?"

Dariya ta kuɓuce masa cikin kuka.

Ta ce, "Mun hana ka yi wa babba gardama. Ba mu hana ka tambayarsa ba. Don wa aka aje shi can, in ba don ku ba? Sha furarka."

Ranar da ya koma Yamai, ya nufi biron. Wannan karon ya ƙwanƙwasa. Yana shiga ya tarar da ƴan ajinsu, kowa riƙe da takardarsa mai kuskure. Ashe kullum nan suke zuwa!

Da aka zo kansa, ya ce, "Mushe, ban gane ba. Tun farko ban gane ba."

Mushe Abarci ya duba aikin, ya ɗora alƙalami a wuri guda. "Lissafinka daidai ne. Yaya ka rubuta biyu da rabi?"

"Biyu, waƙafi, biyar. Yadda aka koya mana a lakwal."

"Mu haka muke rubutawa da Faransanci. Ita na'urar, ɗigo ta sani. Na faɗa a darasin farko, kana can cikin mota. Waƙafi ɗigo ne mai wutsiya. Yanke wutsiyar kawai."

Yaron ya ƙura wa waƙafin ido. Wannan ƴar wutsiya ce ta kusa mayar da shi gida!

Washegari takardarsa ta fito da amsa, layi bayan layi. Ya kai ta gindin bishiya. Wani ɗan ajin, Amani, ya matsa masa wuri, ya ce, "Zauna nan. Ni ma akwai inda ya shige mini duhu."

Ya ci jarrabawa ta biyu, ya zauna a ajinsa.

Yara, cewa "ban gane ba" ba abin kunya ba ne. Malami yana nan ne don a tambaye shi, kuma shiru ba ya gyara kuskure.

Da ya sake zuwa hutu, tun daga zaure Innarsa ta tare shi. "Yaya surukin naka?"

Ya ce, "Lafiya lau, Inna. Yanzu har cewa yake na cika tambaya."