Wayoyin Filogin Malam Dabo

A bakin hanyar Mai'adua Munzali bakanike ya fara ganin Zulfa, tana zaune a gaban tsohuwar akori-kurar mahaifinta, Malam Dabo. Motar na tari tana harbi, ta kasa gaba. Munzali ya buɗe bonet ya duba taimin ɗin injin, lafiya lau. Wayoyin filogi biyu ne aka sauya wa mazauni. Ya mayar, mota ta tashi. Da ya ɗago suka haɗa ido, ta sunkuyar da kai. Mafarin ke nan.

Wata biyar yana zuwa zance, wata biyar kuma duk mako sai motar ta dawo masa da cuta ɗaya. Ya canza filogi, ya sake saita taimin, har ya gaji da ganin cikin injin nan.

Malam Dabo ya ce, "Wanda gyaransa ba ya kwana bakwai, da me zai riƙe aure? Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta."

Ga Abbas, dillalin shanu, yana ta aike yana neman auren Zulfa. Malam ya yanke magana: in motar ta sake tsayawa ranar kasuwar Mai'adua, Abbas zai ba.

Munzali ya tura mata saƙo: "Zulfata, na gaji. Anya ba Abbas ke sa a taɓa motar nan ba?"

Sai bayan kwana biyu ta amsa: "Mai baƙin hannuna, kar ka ɗauki alhakinsa. Baba ne. Duk Juma'a yana zare wayoyin ya goge da tsumma. Wai ka bar biyu a harɗe saboda ƙazanta, sai ya jera su kamar sahu."

Da yamma a zaure ta ce, "Ka gaya masa mana."

"In ce wa dattijo ya yi kuskure a ƙofar gidansa? Gara in rasa..." Ya dube ta. "A'a, ba gara ba."

Ta yi dariya ƙasa-ƙasa, ta shiga gida ta fito da zaren da take ɗinkin hula da shi, kala huɗu.

Ranar Alhamis Munzali ya ɗaure wa kowace waya zarenta, ya ɗaura irinsa a gindin filoginta. Bai ce wa kowa komai ba. In ka iya ruwa, ka iya laka.

Juma'a Malam Dabo ya buɗe bonet da tsummansa. Ya ƙura wa zaren ido. Ya goge, ya mayar da ja ga ja, kore ga kore, wayoyin nan biyu suka koma a harɗe, yadda ya kamata su zauna. Ranar kasuwa motar ta kai gero Mai'adua ta dawo Daura, ko tari ba ta yi ba.

Malam Dabo ya aika aka kira Munzali.

"Tun yaushe ka sani?"

"Sanin me, Baba?"

Malam ya shafa gemu. "Hm. Mai rufa asirin tsoho ba zai tona na 'yarsa ba. Turo magabatanka."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Da za a fita da amarya, Malam ya dafa kanta ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Ki yi haƙuri da shi, kamar yadda ya yi da ubanki."