Ranar da RNA Ta Bar Ɗakin Inna

"Sake maimaitawa," in ji Inna DNA, "uku-uku, kar ki tsallake harafi."

'Yarta RNA ta maimaita. Duk inda Inna ta ce T, ita U take faɗa. Inna ta yi dariya: "Ke da tsamin bakin nan naki! Je ki, za su gane."

To ka ga, a cikin jikin wata yarinya ake wannan, a ɗan garin da ake kira ƙwayar halitta. Yarinyar ta yanke a yatsa, sai an haɗa furotin wurin zai ɗinke. Inna ce ta san haɗin, amma ba ta fita ɗakinta. Wanda kuwa ya fita da saƙonta ba ya dawowa.

RNA ta tsaya a bakin ƙofa, wallahi ba ta son tafiya. Zuciyarta ta ce, "Ki ce kin manta mana, ki koma gefen Inna." Ta waiwaya, ta sake waiwayawa. Sai ta tuna yatsan nan yana jini. Ta fita.

A rumfar Baba Ribosom, mai haɗa furotin, ta riƙa faɗin saƙon Inna uku-uku, shi yana jera kayan haɗin kamar duwatsun wuya, har furotin ya haɗu.

"Baba, daga nan ana hango ɗakinmu?"

"Ƙofar kawai, 'yata."

Ta zauna tana kallonta har jikinta ya narke. Yarinya kuwa ta warke, ta koma wasanta, ba ta ma sani ba.

Da kai ne a bakin ƙofar nan, da ka fita?